"Brought forward" gaba ne ko baya? Yadda ake maganar abin da zai zo da phrasal verbs a Turanci

"Assalamu alaikum Malam. Don Allah ina da tambaya akan phrasal verbs. Satin da ya wuce an turo min imel wai intabiyu ɗina na ranar Alhamis has been brought forward by two days, ni kuma na ɗauka an ƙara gaba ne wato Asabar, ashe Talata ake nufi, Allah ne ya taimake ni wani abokina ya gani ya ankarar da ni. Tun daga nan na tsorata da su. Shin akwai phrasal verbs na musamman da ake maganar abin da zai faru da su ne, ko kuwa will kawai ake saka musu? Kuma ya zanyi in daina rikicewa, don haddace su nake amma in na zo magana sai su gudu."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko Allah yasa an dace da intabiyun, kuma abokin nan naka ka riƙe shi hannu biyu don ya yi maka rana. Abin da ya same ka ba kai kaɗai bane wallahi, na daɗe ina koyar da Turanci a ajin yamma, yara masu shirin WAEC da JAMB da kuma manyan ma'aikata masu shirin jarabawar Turanci ta IELTS, kuma duk zangon da na kawo bring forward sai na samu da yawa a ajin sun ce min ɗagewa ne. Ba rashin ƙoƙari bane, Hausar da ke kanmu ce take riga mu fassarawa tun kafin mu ankara, zan zo kan wannan don nan ne zuciyar maganar.

In na fahimce ka abu biyu ka haɗa. Na ɗaya shin phrasal verb da kansa yana nuna lokaci mai zuwa ne ko sai an jingina masa wani abu, na biyu me yasa wasunsu suke juya mana ma'ana, sai kuma kukanka na ƙarshe na haddar da ke guduwa. A taƙaice phrasal verb ba ruwansa da lokaci, abin da aka sa a gabansa shi ke faɗa maka jiya ne ko gobe. Amma akwai wani rukuni daga cikinsu da ma'anarsu dama can gaba take kallo, shiri, sa rana, ɗage rana, sa rai, yadda abu zai ƙare, kuma waɗannan su ne za ka yi ta cin karo da su a imel da waya da hira.

Mu fara daga gida

Ni a aji ina ce musu aikatau mai jela. Kai shi ne aikatau irin put, call, bring, set, get, jelar kuma ita ce 'yar ƙaramar kalmar da ke biye, off, up, back, out, forward, ahead. In an haɗa su sai ma'ana ta zama wata daban, put ajiyewa ne amma put off ɗagewa ne, call kira ne amma call off fasawa ne.

Mutane suna ganin kamar wani baƙon abu ne da babu irinsa a Hausa, alhali kullum muna yin sa, sai dai mu jelar tamu a jikin kalmar take manne. Ka duba ci da cinye, sha da shanye, to shi ne eat da eat up, drink da drink up, wato an gama da abin kaf. Ka duba fita da fito, shiga da shigo, kai da kawo, wannan wasalin o na ƙarshe yana faɗa maka abin ya nufo wajen mai magana ne. Zuba da zubar shi ne pour da pour away. Masu nazarin Hausa giredin aikatau suke ce wa wannan tsarin. Sannan ga irin su ci gaba, ci amana, sha kashi, sa ido, sa rai, waɗanda in Bature mai koyon Hausa ya bi su kalma-kalma ba inda za shi, don ba wanda ya tauna amana ya haɗiye. To haka mu ma in muka bi nasu kalma-kalma.

Su kansu sun san abin da wuya. Samuel Johnson da ya fitar da babban ƙamus ɗinsa na Turanci a 1755, tun a gabatarwa ya ambaci wannan ɗabi'ar ta Turanci ta canza ma'anar aikatau da 'yar ƙaramar kalma, ya ce tana cikin abin da ya fi wahalar da baƙi. Kuma akwai dalilin da yasa mu nan muka fi shan wuya. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066 kalmomin Faransanci da na Latin sun yi ta kwarara cikin Turanci tsawon ƙarnuka, shi yasa yau abu ɗaya sai ka ga yana da suna biyu, postpone da put off, cancel da call off, continue da carry on, arrange da set up. Na farkon su ne na takarda da kotu da ofis, na biyun su ne na baki. Mu kuma Turancinmu ta makaranta da littafi da jarida ya zo mana, sai muka tashi da postpone da cancel a bakinmu, ranar da aka ce mana "it's been put off" sai mu tsaya.

Ɗaya abin kuma, aikatau na Turanci ba shi da wata siffa ta lokaci mai zuwa a jikinsa. Akwai walk akwai walked, amma babu wani harafi da za ka liƙa masa a ƙarshe ya zama gobe, dole sai an ɗauko wata kalma an sa a gaba. Mu ma haka muke da za, zan tafi, za mu haɗu. Kuma wannan za ɗin asalinta tafiya ce, shi yasa har yau muke cewa ina za ka, za ni kasuwa. Kaga kenan going to na Turanci da za ta Hausa hanya ɗaya suka biyo, dukkansu daga tafiyar ƙafa suka koma nuna abin da ke tafe.

Gaba da baya, inda aka yi maka kamun

Bahaushe in ya ce an ƙara gaba, ko an matsar da biki gaba, nufinsa an ƙara kwanaki. In ya ce an dawo da shi baya, an rage kenan. Mu muna kallon kwanakin kamar hanya ce shimfiɗe a gabanmu muna tafiya a kanta, duk abin da ya yi gaba ya ƙara nisa. To da ka ga forward sai kanka ya ce gaba, gaba kuma Asabar ce. Lissafinka daidai ne a Hausa.

Amma a bring forward ba forward ne ke jan ragama ba, bring ne. Bring kawowa ne, abu ya nufo ka. Ka ɗauka ranakun mutane ne a layi suna jiran su iso gare ka, Talata tana gaban layi, Alhamis a tsakiya, Asabar can baya. In aka kamo hannun intabiyunka aka kawo shi gaban layi ai ya matso kusa kenan. Saboda haka fassarar bring forward ita ce matso da, ba ƙara gaba ba. Kishiyarsa kuma push back ko put back, an tura shi bayan layi, wato an ɗage. Nan ma tarkon yana nan ta ɗaya gefen, don ɗalibi yana ganin back sai ya ce an dawo da shi baya, ya taho da wuri ya tarar ba kowa. Amurkawa kuma suna yawan cewa move up a inda mutanen Ingila za su ce bring forward, "the meeting has been moved up to Monday", shi ma matsowa ne.

Abin da nake ce wa ɗalibaina, ku manta da jelar ku kalli kan. Bring jawowa ne, push turawa ne. Abin da ka jawo ya zo kusa, abin da ka tura ya yi nisa. Da wannan kaɗai an gama da rikicin waɗannan biyun.

Inda dabarar tawa take tsayawa shi ne move forward, don move ba ya nuna jawowa ko turawa. Wannan su kansu masu yaren rabuwa suke a kai. Akwai wata tambaya da masu binciken harshe da tunani suka daɗe suna gwada mutane da ita, an ce mitin ɗin Laraba mai zuwa "has been moved forward two days", wace rana ce kenan? Wasu su ce Litinin wasu su ce Juma'a. Lera Boroditsky da Michael Ramscar sun buga wani bincike a 2002 inda suka yi wa mutane wannan tambayar a filin jirgin sama da cikin jirgin ƙasa da layin karɓar abinci, suka ga waɗanda suke jin kansu cikin tafiya, kamar wanda saukarsa daga jirgi kenan, sun fi cewa Juma'a. Wato mai jin shi ne ke tafiya zuwa ga ranakun yana tunani irin namu na gaba, mai jin ranakun ne ke tahowa gare shi kuma sai ya ce Litinin. Don haka in ka ga move forward ba tare da an faɗi rana ba kar ka yi canki, tambaya za ka yi, kuma ba abin kunya bane don Baturen ma tambaya yake.

Tunda maganar intabiyu ce bari in ƙara maka wannan don yana cin mutane. A Birtaniya suna tura agogo gaba da awa ɗaya ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, shi ne za ka ji "the clocks go forward", su dawo da shi ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, "the clocks go back". Tsakanin nan lokacinsu da na Najeriya da Nijar ɗaya ne, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris kuma muna gabansu da awa ɗaya. In an ce maka ƙarfe 10 ka tabbatar 10 ɗin waye.

Sauran 'yan gidan sa rana ba su da wannan rikicin amma bambancinsu yana da muhimmanci. Put off ɗagewa ce, za a yi amma ba yanzu ba, kuma sau da yawa tana ɗauke da ƙamshin jan ƙafa, "I keep putting it off", kullum sai in ce gobe. Call off fasawa ce gaba ɗaya kuma wani ne ya yanke hukuncin. Fall through kuma ba wanda ya soke, abin ne ya wargaje da kansa, kamar ciniki ya kai gaɓa sai mai saye ya kasa kawo kuɗi, "I'm worried the deal will fall through". Hold off dakatawa ce, a ɗan saurara tukuna a ga yadda hali zai yi. Go ahead shi ne abu yana nan ba fashi, "the exam will go ahead as planned". Ɗaya da nake so sosai shi ne pencil in, an rubuta ka da fensir, wato an sa rana amma ana iya gogewa, in aka ce maka "I'll pencil you in for Friday" kar ka je ka sayi tikitin jirgi tukuna, jira sai sun ce za su yi firm up ɗin sa, wato su tabbatar da ranar.

Abin da ake sawa a gabansu

Yanzu ga amsar ko will kawai ake sakawa. A'a, kuma a gaskiya yawan will ɗin nan shi ne yake sa Turancinmu ya yi ta sauti kamar sanarwar gwamnati. Mu ɗauki pick up, ɗauko mutum, mu juya shi ka gani.

Ƙanwarka ta bugo waya ta ce ta iso tasha ba abin hawa, a take ka ce "I'll pick you up". Wannan shi ne gidan will, shawarar da ka yanke yanzun nan, ko alkawari, ko tayin taimako. Shi yasa jimlolin ofis da na waya duk da shi suke tafiya, "I'll call you back", "I'll get back to you", "I'll look into it", "I'll sort it out". Amma in tun jiya kuka shirya da ita, an sa lokaci an sa wuri, Bature ba zai ce will ba, cewa zai yi "I'm picking her up at six", da siffar da aka koya mana a firamare cewa ta abin da ake cikin yi ce. Wannan ita ce ɗalibaina suka fi ƙin yarda da ita, sai su ce Malam ai ba yanzu yake ɗaukota ba. Sai in ce musu in ka ce gobe ina tafiya Kaduna, yanzu kake tafiyar? Hausa ma tana yi.

Going to kuma niyya ce da ka riga ka ƙulla a ranka ko da ba a sa rana ba, "I'm going to set up a small business", "I'm going to give up sugar". Tana da aiki na biyu, in ga alama ƙiri-ƙiri a gabanka, allurar mai ta kwanta kana tsakanin Zariya da Kano, "we're going to run out of fuel". Abin da ke kan jadawali kuma, jirgi, wasan ƙwallo, zangon karatu, da siffar yau da kullum ake faɗarsa ba will ba komai, "the plane takes off at nine", "the match kicks off at four". In kuma abu ya zo dab, ƙafa ɗaya a waje, "we're about to set off", yanzu za mu kama hanya. Akwai kuma "the data will have run out by Friday", kafin Juma'a ya riga ya ƙare, amma wannan ba kullum za ka buƙace ta ba.

Kaga aikatau mai jelar bai canza ba, abin gabansa ne ke canzawa, kuma duk wani canji a kan kai yake sauka ba a jela ba. Picking up ne, ba pick upping ba.

Sai ƙa'ida ɗaya da ba na ɗaga ƙafa a kanta. Bayan when, if, before, until, as soon as, ba a sa will ko da maganar gobe ce. "I'll call you when I get back", ba when I will get back ba. "If the trip falls through, we'll stay in." Nan ma Hausa ta riga ta koya maka, cewa kake in na dawo zan kira ka, ba ka cewa in zan dawo zan kira ka, don wannan wata magana ce daban.

Masu kallon gaba

Sarkinsu shi ne look forward to, ɗoki da sa ran wani abu mai daɗi. Kuskuren da na fi gyarawa da jan biro a rayuwata shi ne "I look forward to hear from you". Hearing ne. Dalili kuwa wannan to ɗin ba irin na to go, to eat bane, ɓangaren jelar ne, kuma abin da ke binsa suna ne ko aikatau mai ing. Gwajin mai sauƙi ne, in za ka iya sa it a wurin, look forward to it, to ing za ka sa. A wasiƙar aiki "I look forward to hearing from you", ga aboki "looking forward to seeing you". Kuma ba a amfani da shi ga abin tsoro ko baƙin ciki, na sha ganin ɗalibi ya rubuta yana looking forward to tiyatar mahaifinsa yana nufin yana jira, alhali abin da ya faɗa shi ne yana ɗokinta.

Get round to, ko get around to a bakin Amurkawa, shi ma ing yake ɗauka, ma'anarsa samun sukunin yin abin da ka daɗe kana cewa za ka yi, "I'll get round to fixing it this weekend". Come up yana da fuska biyu, "my exams are coming up" jarabawa ta ƙarato, amma "if anything comes up, I'll let you know" in wani abu ya taso kenan. Sai 'yan gidan ahead, plan ahead, think ahead, look ahead, duk shiri ne tun da wuri, da lie ahead da za ka fi ji a labarai da jawabin shugabanni, abin da ke jiranmu a gaba. Save up tara kuɗi don wani abu, sign up yin rajista, gear up for shiri gadan-gadan, count on dogaro da mutum.

Uku da nake so ka zauna da su sosai su ne end up, turn out, work out, don su ne na hasashen yadda abu zai kaya. End up shi ne ƙarshenta ɗin mu, inda mutum zai tsinci kansa ba da niyya ba, "if you keep putting it off, you'll end up paying more", in ka ci gaba da jan ƙafa ƙarshenta ka biya fiye da haka. Turn out in an yi shi a baya shi ne ashe, "it turned out to be Tuesday", ashe Talata ce, in an kai shi gaba kuma yadda sakamako zai fito ne, "it'll turn out fine". Work out shi ne abu ya daidaita, ya yiwu, "I hope it works out", kuma ka lura bayan hope ba dole sai da will ba. In Bature ya ce "we'll see how it works out" ko how it pans out, to ma gani ɗin mu ce sak, wannan lokaci na gaba na biyu da muke da shi a Hausa wanda ba shi da ƙarfin za mu gani.

A nan akwai abin da ƙamus ba zai faɗa maka ba. "I'll look into it" da "I'll get back to you" wani lokacin alkawari ne na gaske, wani lokacin kuma za mu duba ce irin ta ofis. Abin da ke raba su shi ne ko an haɗa da lokaci. "I'll get back to you by Monday" magana ce da za ka iya riƙewa. In ba a sa rana ba, kai ne za ka yi follow up, wato ka bi sawu, kuma kai ma in kana so a ɗauke ka da muhimmanci ka riƙa sa ranar.

Wani abu ƙarami amma yana tona mutum, wurin da wakilin suna yake zama. Masu rabuwa irin pick up, put off, call off, bring forward, in abin it ne ko him, her, them, a tsakiya yake shiga, "I'll pick her up", "they're going to call it off". Pick up her kuskure ne. Amma look into, count on, get back to, look forward to ba sa rabuwa, look into it ne har abada. Ƙamus mai kyau na masu koyo yana nuna maka wannan a jikin kowace kalma, ka riƙa dubawa.

Namu na gida

Akwai waɗanda mu muka saba da su a Najeriya da ba haka suke a waje ba. "I'm coming" mutum yana fita, wannan ina zuwa ce muka ɗauka ɗungurungum, Bature zai tsaya yana kallonka don shi "I'll be right back" ya sani. "The meeting would hold tomorrow" nan abu biyu ne, will ake so ba would ba, sannan "will take place" ko "will go ahead". "We'll round up by four" a wajensu round up tattaro mutane ko dabbobi ne ko kamen 'yan sanda, kammalawa kuwa wrap up ne ko round off. Cope up with kuma up ɗin ƙari ne, cope with ne kawai.

Ni dai ba na ce wa Turancin Najeriya gurɓatacce. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganun Najeriya 29, cikinsu har da next tomorrow wato jibi, da flag off na ƙaddamar da aiki wanda shi ma aikatau mai jela ne, da Kannywood. Amma shiga ƙamus daban, mai yi maka intabiyu daga Landan ya gane daban, kuma mai makin WAEC ma ba zai bar maka next tomorrow ba. Ka san wanda kake magana da shi kawai.

Maganar hadda

Dalilin da yasa suke gudu shi ne yadda ake haddace su, get up, get on, get off, get over, get by a jere kamar lissafin sau. Ba abin da ya haɗa su sai kamannin fuska, shi yasa suke cakuɗewa. Ni na daina koyar da su haka tuntuni. Abin da nake sa ɗalibai shi ne kowace Lahadi mutum ya rubuta satinsa mai zuwa na gaskiya a jimla shida ko bakwai, wa zai ɗauko, me aka ɗage, me ya ƙarato, me yake ɗoki, me yake tsoron zai ƙare, sannan ya karanta da ƙarfi ya ɗauki muryarsa a waya ya saurara. Jimlar da ta shafi kuɗin hayarka da bikin ƙanwarka ba ta guduwa. Kuma jimla sukutum za ka riƙe, "I'll get back to you", "something's come up", "can we push it back", kamar yadda ka riƙe sai an jima ba tare da ka taɓa rarraba ta ba. In kana faɗa kuma ka danna murya akan jelar, set UP, kick OFF, don in ka danna kan farko ya koma suna, setup, kickoff. Ga masu IELTS, sashen magana minti 11 zuwa 14 ne kuma ana yawan tambayar shirinka na gaba, guda uku da suka zauna daidai sun fi goma da aka cusa da ƙarfi.

Sai dai in gaya maka iyakar abin. Bayanin da nake yi na ma'anar jela, up gamawa, off yankewa ko tashi, back komawa, yana taimakawa amma ba doka bace, put off kaɗai yana nufin ɗagewa kuma yana nufin abu ya fitar maka da sha'awa, take off tashin jirgi ne kuma cire riga ne kuma kasuwa ta buɗe ne. Layin da na ja tsakanin will da going to shi ma a bakin masu yaren yana shiga juna, sau da yawa duka biyun daidai ne. Kuma abin da na kawo maka ya fi karkata ga Turancin Ingila don shi muke koyarwa a makarantunmu, in da Amurkawa kake aiki ka sa kunne ga nasu.

Game da imel kuwa, duk ranar da aka sake taɓa maka rana, ko ka gane ko ba ka gane ba, ka mayar da amsa ka faɗi ranar da kwanan watan da lokacin da bakinka. Layi biyu ya isa, "Thank you for letting me know. Just to confirm, the interview has been brought forward to Tuesday at 10 a.m. Nigerian time. I look forward to speaking with you." In ka yi kuskure za su gyara maka tun kafin ranar, in kuma daidai ne sun ga mutum mai kula da aikinsa.